Amsoshin Tambayoyinku: Neman Sawun Hausawan Burazil a Intanet

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙu uku muka ɗauko yau, kuma duk daga masu neman ilimi suka fito.

Ta farko wata ɗaliba ce ta aiko daga Zariya, tana digiri na biyu a fannin tarihi. Ta ce: "Ina so in yi bincike a kan Hausawan da aka kai Burazil zamanin cinikin bayi, amma ba ni da halin fita waje. Ko akwai inda zan samu hujjoji ingantattu a intanet?"

Akwai, Malama, kuma in ban da kuɗin data ba za ki kashe ko kwabo ba. Ki fara da shafin SlaveVoyages, wanda aka buɗe a Jami'ar Emory ta Amurka a 2008. Masana sun tara bayanan tafiye-tafiyen jiragen bayi kimanin 36,000 a ciki. Za ki ga sunan jirgi da na kyaftin ɗinsa, tashar da ya yi lodi, inda ya sauke, mutum nawa aka ɗora, nawa suka isa da rai. A ƙiyasinsu, mutum miliyan 12.5 aka ɗiba daga Afirka, kimanin miliyan 10.7 suka sauka, sauran a hanya suka rasu. Burazil kaɗai ta karɓi kusan miliyan 5.

Sai dai ki sani, jirage shafin yake ƙirgawa, ba ya faɗin garin da aka kamo mutum. Kada ki sa ran ganin Kano ko Katsina. Dabarar ita ce ki zaɓi tashoshin Ikko da Badagiri da Porto-Novo da Ouidah, ki sa jihar Bahiya ta Burazil a matsayin wurin sauka, sannan ki taƙaita shekarun daga 1800 zuwa 1850. A lokacin ne yaƙe-yaƙen jihadin da aka fara a 1804 suka sa yawan Hausawan da ake gangarawa da su bakin teku ya ƙaru. Ba a jima ba kuwa aka ji ɗuriyarsu a can. A 1807 hukumomin Salvador, babban birnin Bahiya, suka bankaɗo shirin tawayen da Hausawa suka ƙulla. A Janairun 1835 kuma, cikin watan azumi, bayi Musulmi suka yi babban bore, yawancinsu Yarbawa, da Hausawa a cikinsu. An samu layu da takardu masu rubutun Larabci a jikinsu, suna nan ajiye a gidan adana takardun tarihi na jihar Bahiya.

Ɓangaren da ya fi taɓa ni shi ne na sunaye. Bayan Birtaniya ta haramta cinikin a 1807, sojojin ruwanta sun riƙa tare jirage suna kai su kotu, musamman a Freetown ta Saliyo. Akawu na zaune da rijista, ana kawo mutane ɗaya bayan ɗaya, yana rubuta suna da shekaru da tsayi, wani lokaci har da tsagen fuska. Sunaye sama da 90,000 suna cikin shafin. Ranar da na fara buɗe jerin nan na daɗe ban motsa ba. Ga yara 'yan shekara takwas da tara, ba uwa ba uba, sai sunan da aka raɗa musu a gida. Akawun nan yadda kunnensa ya jiye masa ya rubuta, saboda haka in kina neman Adamu ki gwada Adamoo. Haka ma kalmar Hausa: a takardun Fotugal za ki ga Haussá ko Ussá, a na Ingilishi Houssa, a na Faransanci Haoussa. Wanda ya tsaya kan rubutu ɗaya zai zaci babu komai, alhali abin na gabansa.

Ta biyu daga wani malamin makarantar allo ce a Damagaram. Yana tambaya ko rubuce-rubucen ajami na magabata sun shiga intanet.

Allah ya gafarta Malam, sun shiga. Jami'ar Boston tana da taskar African Ajami Library, wadda Farfesa Fallou Ngom ɗan Senigal ya jagoranci kafawa. Akwai ajamin Hausa da Fulatanci da Wolof da Mandinka, hotunan shafuka tsaf, har ka ga inda tawada ta yi kauri. Babban ɗakin karatu na Birtaniya shi ma yana da shirin ceto tsofaffin takardu mai suna Endangered Archives Programme tun 2004. A nan za ka samu littattafan Djenne ta Mali da waƙoƙin Fulatanci na zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Abin da na fi yabawa a shirin shi ne hoto kawai ake ɗauka, asalin takarda na zama a ƙasar masu ita. In kuwa akwai gafaka a gidanku da gara ke barazana gare ta, Malam, ko da waya ce a ɗauki hoton kowane shafi tun yanzu.

Ta ƙarshe daga wani matashi ce a zangon Kumasi, yana kukan duk maƙalar da ya buɗe sai an ce ya biya dala.

Ɗan'uwa, ka leƙa African Journals Online, wanda aka fara a 1998. Yana ɗauke da mujallun ilimi sama da 500 da ake bugawa a Afirka, da yawansu kyauta. A JSTOR kuma, wata taskar mujallun ilimi a intanet, in ka yi rijista da adireshin imel ɗinka, za ka iya karanta wasu maƙaloli kowane wata ba tare da biya ba. Wadda ta gagara, ka nemi adireshin marubucin a shafin jami'arsa, ka rubuta masa cikin ladabi, ka faɗi abin da kake bincike a kai. Da yawansu sukan turo da murna.

A nan za mu dasa aya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.