Kan batun rawar yaranmu da kuɗin wata

Alhaji Shugaba, a yi mini haƙuri, zan tsallake ajanda. Iyaye da dama sun janye 'ya'yansu daga rawar Ailan ta ranar 17 ga Maris, ranar bikin Waliyyi Patrick, wai saboda saƙon murya da ya zagaya a WhatsApp cewa kiɗan na kiran aljanu ne. Haba jama'a! An ɗinka kaya, an sayi takalman nan masu ƙwanƙwasa ƙasa, malamar rawa kuma tana bin mu bashi.

Gaskiya ne sunan kiɗan King of the Fairies, wato Sarkin Aljanu. Tsofaffin Ailan kan ce in aka kaɗa shi sau uku a jere a wurin biki, dole sarkin ya fito: in shagalin ya yi masa daɗi ya shiga rawa, in bai yi ba ya hargitsa taron. Mutanen da suka bar bishiyar ƙaya tsaye a gefen babban titi a gundumar Clare ta Ailan don kada su taɓa gidan aljanu, ai ba a rasa irin wannan zance a bakinsu. Amma tatsuniya ce, babu mai hawan bori a nan. Masu bin diddigi ma sun danganta asalinsa da Sikotland, da waƙar magoya bayan Yarima Charles Stuart, mai neman sarautar Birtaniya, wanda aka murƙushe a yaƙin Culloden a 1746.

Kun san wa ya adana shi a rubuce? Ɗan ci-rani irinmu. Francis O'Neill, mutumin Cork ta Ailan, ya zama shugaban 'yan sandan Shikago, ya riƙa bin makaɗan ƙasarsu ana rubuta abin da suke kaɗawa. A 1907 ya fitar da littafi mai kiɗan rawa 1001, wannan yana ciki. Mu fa? Kalangu ɗaya muka ce a sayo daga Kano, har yau kuɗin wata bai taru ba. Ɗiyata tana taka rawar Ailan ba kuskure, hannuwa a manne da jiki, amma da ta ji kiɗan asauwara sai ta tambaye ni na wace ƙasa ne. Wallahi abin ya sosa mini rai.

Rahoton ma'aji yana kan tebur, kowa ya duba. Zauren taro an ƙara mana haya. Ziyarar asibiti an yi, Allah Ya ƙara sauƙi.

Hajiyoyi, iyayena, don girman Allah ku dawo da yaran nan atisaye ranar Asabar. Wanda har yanzu zuciyarsa ba ta kwanta ba, na yi magana da mai goge, sau biyu kawai zai kaɗa. Masu bashin wata uku kuma, ma'aji yana bakin ƙofa da littafinsa.