Kamiyon wake daga Maraɗi zuwa Kano: a wace kotu za a kai ƙara?

[Hoto: ana loda wa kamiyo buhunan wake da asuba]

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi wannan kamiyon da kyau, shi za mu bi yau.

A ce wani Alhaji a nan Maraɗi ya loda wake buhu 200, ya aika wa abokin cinikinsa a kasuwar Dawanau ta Kano. Ba takarda, ba sa hannu. Sun yi magana ta WhatsApp, an ce Allah ya sa albarka, shi ke nan. An ba da rabin kuɗi, sauran sai kaya sun shiga. Kafin kaya su shiga, naira ta faɗi. Na Kano ya ce da naira aka yi ciniki, ga cikonka. Alhaji ya ce atafau da sefa ya sayo waken a ƙauye, da sefa za a cika masa. Dattawan kasuwa sun zauna har sau biyu, abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Sai Alhaji ya kira ɗansa da ke karatun shari'a a waya: "Kai da muke biya wa kuɗin lakwal, ina zan kai ƙara?"

"To Baba, ba ni kwana biyu."

Yaron ya yi hankali da bai amsa nan take ba, don tambayar mahaifinsa uku ce a dunƙule. Wace kotu ke da hurumi, ta Maraɗi ko ta Kano? Da dokar wace ƙasa za a yi hukunci? In an ci shari'ar, wa zai karɓo kuɗin? A jami'a, darasin da ke amsa waɗannan shi ne dokar ƙasa da ƙasa ta tsakanin mutane. Da yawa in sun ji sunan sai su hango masu kwat a Janeba. Ni kuwa layin motoci na Ɗan Isa, garin bakin iyakarmu da Najeriya, nake hangowa.

Ƙa'idar asali mai sauƙi ce: mai ƙara shi ke bin wanda yake ƙara har gida. Ko da kotun Maraɗi ta karɓi shari'ar saboda a nan aka loda kayan, hukuncinta a bakin iyaka yake tsayawa. Ba jami'in da zai tsallaka Jibiya da takardar alƙalin Nijar ya kama dukiyar wani a Kano, sai kotun can ta duba ta amince. Haka ma hukuncin Kano in ya zo nan, sai ya samu izinin zartarwa, abin da lauyoyinmu ke kira egzekwatur.

[Hoto: lauya da baƙar riga da farin ƙyalle a wuya; gefe guda lauya da hular gashi]

Yanzu dole yaron ya san abin da ke bayan iyakar, kuma nan ne kwatanta dokoki ke shigowa. Nijar ta gaji tsarin Faransa, wanda tushensa kundin dokar farar hula na Napoliyon ne na 1804. Doka a rubuce take aya-aya, alƙali ya buɗe kundi ya nemo ayar da ta dace. Najeriya ta gaji tsarin Ingila, inda hukuncin da babbar kotu ta yanke a baya ke ɗaure ƙananan kotuna. Shi ya sa lauyan Kano ke shiga kotu da tarin tsoffin shari'o'i a hammata. Ko hanyar zama alƙali daban take: a nan matashi ya ci gasa ya shiga makarantar alƙalai, a can sai lauya ya shekara 10 yana aiki kafin a naɗa shi alƙalin babbar kotu.

Cinikin Alhaji kuwa, a ɓangarenmu ba ma dokar Nijar kaɗai ke kansa ba. Tun yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Port Louis ran 17 ga Oktoban 1993, ƙasashen OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, su 17 a yau, dokar kasuwanci ɗaya suke bi, kuma kotun ƙarshe a kanta tana Abijan. Najeriya ba ta ciki. Wato ɗan kasuwar Maraɗi da na Dakar doka ɗaya ke kansu, amma shi da na Katsina da suke zuwa bikin juna, kowa da tasa.

Ga inda abin ke taɓa aljihu. A dokar OHADA, tsakanin ƴan kasuwa ana iya kafa hujja ta kowace hanya, har da ta na'ura, don haka muryar nan ta WhatsApp tana iya shiga gaban alƙali. A Najeriya ma ana karɓar irin wannan shaida, amma sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗa, har da takardar tabbatar da na'urar da ta fitar da saƙon. Lauyan da bai san wannan ba, sai ya je da gaskiyarsa a waya a ce ba a gan ta ba.

Wurin da ya fi ba ni sha'awa dai shi ne aure da gado. Maraɗi da Katsina jini ɗaya ne. Sarakunan Katsina da jihadi ya tasa ne suka kafa sarautar garin nan, har gobe Sarkin Katsina ake ce wa sarkinmu. Malikiyya ɗaya muke bi, malamanmu littattafai ɗaya suka karanta a zaure. Amma a Katsina shari'ar Musulunci da sunanta take shiga kotu, da alƙalanta da kotun ɗaukaka ƙararta, kuma daga shekarar 2000 aka faɗaɗa ta zuwa laifuka. A nan kuwa ta ƙofar al'ada take shigowa. Tun dokar 1962 aka tsara cewa a sha'anin aure, saki, gado da gonaki, alƙali zai yi aiki da al'adar masu shari'a, yana zaune da mashawartan al'ada, waɗanda sau da yawa malamai ne. Kafin nan ma an bi ta wurin mai unguwa ko sarki don sulhu. Rabon gadon yana iya fitowa iri ɗaya, ɗa namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya, alhali hujjar da aka rubuta a takardar hukunci ta sha bamban. Ɗalibin da ya tsaya a kan "ai duk ɗaya ne" bai fara kwatance ba tukuna.

[Hoto: taswira, layin iyaka tsakanin Ɗan Isa da Jibiya]

To wa ya ja wannan layin? Faransa da Ingila, a yarjejeniyoyin 1898, 1904 da 1906. Bayan ƴancin kai, shugabannin Afirka suka amince a Alƙahira a 1964 cewa kowa ya riƙe iyakar da ya gada. Wannan shi ne ɗaya reshen karatun, dokar da ke tsakanin ƙasashe su kansu. Nijar ta san amfaninsa: rikicin tsibirin Lete da Benin, kotun duniya da ke birnin Heg ta raba shi ran 12 ga Yulin 2005, ta ba Nijar Lete. A 2013 kuma ta warware iyakarmu da Burkina Faso. Lauyoyi sun yi wannan aikin ne da tsoffin taswirori da wasiƙun gwamnonin mulkin mallaka.

Kuma ba gwamnatoci kaɗai ke cin moriya ba. Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana ƴar shekara 12, ta kai ƙarar ƙasarta kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Ran 27 ga Oktoban 2008 kotun ta ce Nijar ta gaza kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. Sai dai ƙannena, ku lura da kwanan watan littafin da kuke karantawa. Ficewar Nijar daga CEDEAO ta tabbata ran 29 ga Janairun 2025, ga kuma ƙawancen ƙasashen Sahel, wato AES, da Mali da Burkina. Kwas ɗin da yayanka ya bar maka na 2022, wani babinsa ya riga ya tsufa.

Ina ake karatun? Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta nan gida ta fi ƙarfi a kimiyya, noma da likitanci. Mai son shari'a bayan bak, jarrabawar gama sakandare, yakan nufi Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai ko Jami'ar Djibo Hamani a Tawa. Lisans shekara 3, mastar 2. Kada ka shiga da zaton ranar farko za a ba ka shari'ar Lete. Shekarun farko dokar tsarin mulki ce da ta farar hula da ta laifuka, da koyon sharhin hukunci a tsarin nan na kashi biyu da ke sa ɗalibai kwana a zaune. Darussan ƙasa da ƙasa galibi sai can gaba. Masu naci kuma suna shiga gasar kotun gwaji, Rousseau da Faransanci, Jessup da Ingilishi.

Shawarata ɗaya ce, kuma zan faɗe ta ko za a ji haushi: koyi Ingilishi tun shekarar farko. Ɗan Maraɗi yana da Hausar da zai zauna da ita a rumfar Dawanau, yana da Faransancin kotu. In ya iya karanta hukuncin kotun Najeriya da kansa, ba sai an fassara masa ba, ya haɗa abin da lauyan Yamai da na Abuja kowannensu ke da rabinsa kawai. Ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza tubalinsa a 2021, kwangiloli za su biyo shi.

[Hoto: takarda ɗaya a kan tabarma, biro a gefe]

Bayan kwana biyu yaron ya kira.

"Baba, wannan karon a koma wurin dattawa a raba asarar, kuɗin lauya a Kano zai cinye abin da kuke nema. Amma lodi na gaba, zan aiko da takarda shafi ɗaya ku sa hannu ku biyu."

"Me za ka rubuta a ciki?"

"Layi uku. Da wane kuɗi za a biya, dokar wace ƙasa za a bi, da wanda zai raba gardama in ta taso. In kuka zaɓi mai sasanci a rubuce, hukuncinsa ya fi saurin tsallaka iyaka, don Nijar da Najeriya duka suna cikin yarjejeniyar Niyok ta 1958 kan zartar da irin wannan hukunci."

Alhaji ya yi shiru, sannan ya ce: "To, ka rubuto ta da Hausa ma, don ni ma in san abin da na sa wa hannu."