Idan Aka Kwatanta da Me? Tambayar da Ta Haɗa Masu Binciken Sankara, Kiɗa, Birane da Tattalin Arziki

Masu kallo, barkanmu da wannan lokaci. Likitan da ke binciken sankara da malamin da ke nazarin kiɗa ba sa halartar taro ɗaya, ba sa karanta mujalla ɗaya. Haka ma mai tsara birane da masanin tattalin arziki. Amma duk wanda ya kawo musu sakamako ya ce abu kaza ne ya jawo abu kaza, tambaya ɗaya za su yi masa: idan aka kwatanta da me?

Bari mu soma da sankara, domin a nan ne kuskure yake cin rai. A shekarun 1980 masana sun lura cewa mutanen da ke yawan cin kayan lambu masu sinadarin beta-carotene ba sa kamuwa da sankarar huhu kamar sauran jama'a. Sai aka ɗauka sinadarin ne ke kare su. A ƙasar Finland aka tara maza masu shan taba sama da 29,000, aka raba su ta hanyar ƙuri'a, wasu na shan ƙwayar sinadarin, wasu ba sa sha. Da sakamako ya fito a 1994, sai aka ga sankarar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a wajen masu shan ƙwayar. Mai cin ganye da yawa sau da yawa yana da wasu halaye na kula da lafiya, kuma ƙuri'ar ce ta raba waɗannan halaye daidai tsakanin ɓangarorin biyu, har asirin ƙwayar ya tonu.

Wannan hanya ce aka bi wajen tabbatar da babban ci gaban da aka samu a fagen sankara a wannan ƙarni. Jikin ɗan Adam yana da ƙwayoyin garkuwa da ake kira T, masu farautar duk abin da ya lalace. Suna da birki, don kada su afka wa jikin da suke karewa, kuma sankara ta iya taka musu wannan birkin. A 1992 Tasuku Honjo na Jami'ar Kyoto a Japan ya gano ɗaya daga cikin irin waɗannan birkin, wato PD-1. A 1996 James Allison a Amurka ya nuna cewa idan aka toshe wani mai suna CTLA-4, garkuwar ɓeraye takan cinye ƙarin sankarar da ke jikinsu. To amma ɓera ba mutum ba ne. Sai a 2010 aka fitar da sakamakon gwaji a kan marasa lafiya 676 masu sankarar fata da ta riga ta bazu: matsakaicin tsawon rayuwar waɗanda suka sami maganin ipilimumab, mai toshe CTLA-4, wata 10 ne, na waɗanda ba su same shi ba kuwa wata 6 da 'yan kwanaki. Wani zai ce wata huɗu kawai? Abin da ya girgiza likitoci shi ne, kusan mutum ɗaya cikin biyar ya ci gaba da rayuwa shekaru masu yawa, a cutar da a da ba ta barin mutum ya daɗe. Allison da Honjo sun karɓi kyautar Nobel a 2018. Aikin da ke gaban masu bincike yanzu shi ne gano dalilin da ya sa maganin ke yi wa wasu aiki ya ƙi yi wa mafi yawa, da yadda za a rage illarsa, tunda garkuwar da aka sake takan kai wa hanji ko huhu hari.

Akwai kuma inda ba a bukatar ƙuri'a, domin shekarar haihuwa ta riga ta raba mutane. Ingila ta fara yi wa 'yan mata rigakafin ƙwayar cutar HPV, mai haddasa sankarar bakin mahaifa, a 2008. A 2021 mujallar Lancet ta buga nazarin da ya kwatanta su da matan da suka girme su kaɗan, waɗanda shirin bai riska ba. Sankarar bakin mahaifa ta ragu da kashi 87 cikin ɗari a rukunin da aka ba rigakafin suna 'yan shekara 12 zuwa 13.

Masana tattalin arziki sun daɗe suna farautar irin wannan dama, tunda ba wanda zai ba su ƙasa su yi gwaji da ita. A 1992 jihar New Jersey a Amurka ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga dala 4.25 zuwa 5.05 a awa, maƙwabciyarta Pennsylvania kuwa ba ta taɓa nata ba. David Card da Alan Krueger suka bi gidajen abinci 410 a ɓangarori biyu na iyakar, ba su ga raguwar ayyukan da littattafan karatu suka yi hasashe ba. Wasu masana sun sake lissafi da wasu alƙaluma sun ce ayyuka sun ragu, kuma har yau ana jayayya. Card dai ya sami Nobel a 2021.

Na kiɗa ya fi ba ni sha'awa. Shekara aru-aru malaman Turai suna cewa akwai sautukan da idan aka haɗa su kunne ke jin daɗinsu bisa halitta, akwai kuma masu karo da juna. Matsalar ita ce, kusan duk wanda aka gwada ya tashi yana jin kiɗan Turawa. Sai Josh McDermott na jami'ar MIT da abokan aikinsa suka nufi dajin Amazon a Bolibiya, wajen ƙabilar Tsimane, waɗanda waƙarsu mutum ɗaya ke rerawa ba tare da haɗa muryoyi ba. A sakamakon da aka buga a 2016, mutanen Tsimane ba su fifita kowane haɗin sauti a kan ɗan'uwansa ba. Mazauna biranen Bolibiya sun ɗan fifita, Amurkawa kuwa sun fifita sosai. Ashe kunne ma tarbiyyantar da shi ake yi.

A birane, cikas ɗin a fili yake. Unguwannin da suka fi bishiyoyi galibi su ne na masu hali, don haka idan mazaunansu sun fi lafiya, bishiya ce ko kuɗi? Wani nazari na 2023 a kan biranen Turai 93 ya ƙiyasta cewa ƙarin zafin da kwalta da siminti ke riƙewa ya kashe kimanin mutum 6,700 a lokacin zafi na 2015, kuma da inuwar bishiyoyi ta rufe kashi 30 cikin ɗari na biranen, da an kauce wa fiye da kashi ɗaya cikin uku na mace-macen. Ku lura, wannan lissafin kwamfuta ne, ba a dasa ko bishiya ɗaya ba.

A birnin Philadelphia na Amurka kuwa gwajin aka yi da gaske. An ɗauki kangwaye 541, aka jefa ƙuri'a: wasu aka kwashe shara, aka shuka ciyawa da 'yan bishiyoyi, aka kewaye da ɗan gajeren shinge, wasu aka bar su yadda suke. A 2018 aka bayyana cewa harbe-harben bindiga ya ragu da kashi 29 cikin ɗari a kewayen kangwayen da aka gyara a unguwannin talakawa.