Laccar Damagaram: Karatun ilimin laifuka tare da ilimin halayyar ɗan Adam

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla. Abu uku zan faɗa.

Na farko, tsarin karatun. Bayan BAC, wato jarrabawar kammala sakandare, lisansi (digiri na farko) shekara 3 ce, zango 6. Shekarar farko tushe ne: dokar laifuka, ilimin zamantakewa, yadda ƙwaƙwalwa ke aiki, da lissafin ƙididdiga. Wanda ya gudo nan don tsoron lissafi, lissafi ya riga shi zuwa! (dariya)

Na biyu, shaida. Nan nake so ku buɗe kunne. A 1974, a Amurka, masana ilimin halayyar ɗan Adam Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa ɗalibai 45 hotunan bidiyo na haɗarin mota. Wasu aka tambaye su gudun motocin lokacin da suka "taɓa juna", suka ce kusan kilomita 51 a awa. Wasu aka ce "suka ragargaji juna", suka ce kusan 65. Haɗari ɗaya fa! Sai aka sake gwajin da mutum 150, 50 daga cikinsu aka yi musu tambayar da kalmar "ragargaza". Bayan mako guda aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi. Babu gilashi ko ɗaya a hoton, amma 16 cikin 50 na ɓangaren "ragargaza" suka ce sun gani. Ba ƙarya suka yi ba, tambayar ce ta shiga cikin tunaninsu ta zauna.

Ku kawo shi gida. An ƙwace wa ɗan kabu-kabu babur da dare, an je komisariya, mai tambaya ya ce: "Dogon nan ne mai jar riga, ko?" Shi ke nan, ya ɓata shaidar. Abin da ake koya muku: ku raba shaidu, ku bar mutum ya ba da labari da bakinsa har ƙarshe, kada ku katse shi, ku rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su. Na maimaita, kada ku katse shi.

Na huɗu... na uku ne? To, aiki: kotu, gidan kaso, kula da yara masu laifi.

Na'am, ƙanwata? Tana tambaya kan samarin "palais", wato ƙungiyoyin 'yan daba na unguwannin Damagaram irin su Kara-Kara. Masanin ilimin laifuka Edwin Sutherland ya ce laifi koyonsa ake yi cikin abokan zama, kamar sana'a. Kuma bincike a ƙasashe da yawa ya nuna aikata laifi yana kai ƙololuwa a ƙarshen shekarun samartaka, sannan ya sauka, musamman in an samu aiki da aure. In za ki yi rubutun kammala karatu a kansu, nemi izinin malaminki da na mai unguwa, ki ɓoye sunayensu, kuma kada ki je ke kaɗai.