Fuskar da ta tsayar da ni a Landan

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da ƙarar motoci, yanzun nan na fito daga National Portrait Gallery, gidan baje zanen hotunan mutane, nan gefen dandalin Trafalgar, kuma wallahi har yanzu tsigar jikina ba ta kwanta ba.

Ruwan sama ne ya koro ni ciki, tunda shiga kyauta ce. Ina ta wuce sarakunan Ingila da matansu, kowa ya sha ado, sai na yi kiciɓis da wani bawan Allah da farin rawani da farar riga, Alƙur'ani a 'yar jar gafaka rataye a wuyansa. Na tsaya cak. Sai ka ce kakana ne zaune a zaurenmu na Zariya bayan la'asar.

Ayuba Sulaiman Diallo ke nan, Bafulatanin Bundu, a ƙasar Senegal ta yau. William Hoare ne ya zana shi a 1733. Fatauci ya kai shi bakin kogin Gambiya, har da bayi ya je sayarwa, ba zan ɓoye muku ba. A hanyar komawa aka kama shi, shi ma aka sayar, sai gonar taba a Maryland ta Amurka. Wasiƙar da ya rubuta wa mahaifinsa da Larabci ce ta zama sanadin kawo shi Landan, ya kuma koma gida a 1734. A zamansa nan ya rubuta Alƙur'ani da ka, ba ya duba komai.

Abin da ya fi kama min zuciya kuwa, tufafin nan na jikinsa. Shi ya nace sai an zana shi da kayan ƙasarsu, ya riƙa siffanta wa mai zanen su da baki. Mutumin da aka yi cinikinsa kamar akuya, ga shi yana kallonka ido cikin ido, ba fushi, ba neman tausayi. Natsuwar malamai ce zalla a fuskar.

A 2024 na biya Yuro 22 a gidan tarihi na Louvre da ke Paris don in ga Mona Lisa, shahararren zanen nan na wata mata. Cinkoso kamar Kantin Kwari ana gobe Sallah, ita kuma ga ta can bayan gilashi, 'yar ƙarama. Kyau akwai shi, murmushin nan ba ƙarya ba ne, amma ban ji ta yi min magana ba. Malam Ayuba kuwa na fi minti ashirin a gabansa, ba mai ture ni.

Ku kiyaye da abu ɗaya: hoton aro ne, hukumar gidajen tarihi ta Ƙatar ce ta saye shi a 2009. Kada ka taso daga Manchester ka ƙona kuɗin jirgin ƙasa ba ka duba a intanet ko yana rataye ba. Kuma ka sha shayinka tun daga gida, ni nan kusan fam huɗu na ajiye a kan kofi ɗaya.

Bari in nemi wurin fakewa in kira Inna, sai ta ji labarin nan.