Yadda ake ɗora babbar kamara a kan tiraifod har ta yi lebur

To jama'a barkanmu da warhaka, yau dai wannan babbar kamarar ce a gabanmu, irin mai zugazugi ɗin nan da ke cin fim mai inci 4x5, akwai kuma yayarta 8x10. Ita wannan ba a riƙe ta a hannu, sai a kan tiraifod, wato abin ɗora kamara mai ƙafa uku, kuma in ba ta zauna daidai ba tun farko to duk wani gyaran da za ku yi daga baya wahala ce kawai.

Daga ƙasa ake farawa. Ku ajiye kamarar gefe tukuna, ku buɗe ƙafafun nan uku sosai, guda ɗaya ta kalli abin da za ku ɗauka saboda nauyin lensi can zai rinjaya, ku kuma ku samu wurin tsayawa tsakanin sauran biyun. Ku fara zaro ɓangaren ƙafa mai kauri kafin siririn. Sandar tsakiya kuwa don Allah ku bar ta a ƙasa, da zarar kun ɗaga ta kamarar ta koma tsaye kan ƙafa ɗaya kenan, iska kaɗan sai rawa. Yanzu ku kalli 'yar ƙwayar iskar da ke cikin lebur ɗin tiraifod, ku rage ko ku ƙara tsawon ƙafa har ta shiga tsakiya.

Sai ɗorawa. Ku leƙa gindin kamarar, ramin noti iri biyu ne, inci 1/4 ko 3/8, ni na fi son 3/8 ga mai nauyi. Hannu ɗaya na riƙe da ita har sai kun ɗaure tam, kar ku saki. In mai doguwar sanda ce, ku ja ta gaba ko baya har nauyin ya zauna a saman kan tiraifod ɗin. Kan tiraifod mai ƙwallo kuma gaskiya ban ba ku shawara ba, kana kwance shi komai ya tafi lokaci guda, gara mai hannuwa uku da za ka gyara kowane ɓangare shi kaɗai.

To ga inda nake so ku natsu. Ku mayar da allon gaba mai riƙe lensi da na baya kan sifili, sannan ku ɗora lebur a allon baya, domin nan fim yake zama, shi ne alƙali. Ku duba hagu da dama, sannan ku jingina shi a jikin gilashin allon baya, wanda ake kallon hoto a kansa, ku duba gaba da baya. In allon bayan nan ya ɗan kwanta ta baya ko kaɗan, bangon gini zai fito yana tsukewa ta sama kamar zai faɗi. Saman ginin bai shigo ba? Kar ku ɗaga bakin kamarar, allon gaba za ku tura sama, bayan ya tsaya cak yadda yake.

Kuma shi kansa lebur ɗin yana ƙarya wani lokaci, ku juya shi ɗaya gefen a wuri guda, in ƙwayar ta sauya wuri to ba shi da gaskiya.

Ku lulluɓa da baƙin ƙyalle, hoton zai zo a kife, haka yake, ku gwada layukan gilashin da gefen bango. Ku ɗaure komai, ku zura gidan fim, wato ɗan akwatin da fim ke ciki, a hankali kuna tallafe da bayan, sannan ku sake kallon ƙwayar kafin ku danna wayar ɗaukar hoton, don wurin zura fim ɗin ne kamarar ta fi gocewa.