Laccar Kumasi: Idan Fenilalanin Ya Cika Jinin Ɓera

Assalamu alaikum. Na baya, kuna jina? Madalla. Abu uku zan kawo, in ladan bai riga ni ba.

Na farko, fenilalanin, ɗaya daga cikin tubalan da ake gina furotin da su. Yana cikin nama, ƙwai, madara, har waken da kuka ci da safe. Hanta ke juya shi ya koma tairosin, wani tubalin ɗan'uwansa. In enzayim ɗin da ke wannan aikin, wato sinadarin jiki mai juya wani abu ya koma wani, ya gaza, sai fenilalanin ya taru a jini. Ita ce cutar fenilketonuriya da likita Følling ya gano a Norway a 1934. Don a kwaikwaye ta, ana yi wa jariran ɓera allurar fenilalanin a ƙarƙashin fata, tare da maganin toshe enzayim ɗin hantar.

To ga inda nake so. Ƙofar shiga ƙwaƙwalwa daga jini, mai suna LAT1, ɗaya ce ga fenilalanin da tairosin da tiriftofan, shi ma wani tubalin furotin. Kun san trotro, motar haya, a tashar Kejetia da magariba: ƙofa ɗaya, mai ƙarfi ya shige. Ƙofa ɗaya fa! Fenilalanin ya cika mota, sauran suna tsaye a ƙasa. Enzayim ɗin da ke ƙera dofamin da serotonin, sinadaran aika saƙo a ƙwaƙwalwa, suna nan, amma ba kayan aiki, wato tairosin da tiriftofan, kuma shi fenilalanin ɗin yana ƙara danne su. Duka biyu. Nan ɗalibai ke faɗa wa rami: in ka toshe enzayim ɗin hantar da maganin PCPA, shi kansa yana kashe enzayim ɗin serotonin, sai ka ɗora wa fenilalanin laifin da ba nasa ba. Shi ya sa ake komawa ga wani maganin toshewar, alfa-metilfenilalanin.

Na uku... na biyu ko? To. Famfon sodiyum da fotasiyum, mai fitar da sodiyum daga ƙwayoyin jijiya ya shigar da fotasiyum, shi ma aikinsa na raguwa. In za ka auna shi, ƙwaƙwalwar ɓeran, kan ƙanƙara za ka ciro ta, ka markaɗa a ruwan sukuros, wato sukari, mai sanyi. In ta ɗumama, awon ya tashi a banza.

Na'am, Hajiya? Ko dunƙulen magi yana lalata ƙwaƙwalwa? Ai na san za a zo nan! Gulutamet ne a cikinsa, sinadarin da ke ba shi ɗanɗano. Mai bincike Olney, a 1969, allurar gulutamet ya yi wa ɓerayen da aka haifa jiya-jiya, ƙwayoyin jijiya suka mutu a haifotalamus, wani sashe na ƙwaƙwalwa. Allura, Hajiya, ba miya ba. Wanda aka ci, hanji ke ƙone mafi yawansa kafin ya kai jini. Gishirin da ke cikin dunƙulen ya fi shafar mai hawan jini.